Silo ya hau ya ƙi sauka: yadda za ka bi tsohuwar mota har ka gano inda iska ke shiga

Kwanaki wani ƙanen abokina ya zo min da Honda ɗin shi ƙirar 1996, irin wadda muke ce ma Buldog, ya ce yaya don Allah duba min motar ga, ko tsaye nike a gosulo sai ka ji tana kuka awa za ta tashi, allura na kan 1,800 ta ƙi sauka, in na sa giya kuma sai ta buga da ƙarfi ta nemi ƙwacewa sai na danne birki da gaske. Ya ce sau biyu yana kai ta gareji, ana juya wani sukuru ta lafa kwana biyu ta koma gidan jiya, ga mai tana sha ba tausayi, kuma kowa ya san yadda litar fetur ta koma tun da anka cire tallafi a 2023. Abin ya dame ni don na sha ganin irin shi a garin ga na Sakkwato, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda nike bin wagga matsala daki-daki, ko mai mota da bai taɓa riƙa sifana ba ya san abin da zai tambayi bakanike.

Da farko mu daidaita kan mi ake nufi da silo ya yi yawa. Silo dai shi ne juyin da inji ke yi in mota na kunne ba ka taka totur ba. Lambobin nan 1, 2, 3 na agogon da ke gefen na gudu, kowace ɗaya juyi dubu ne a minti ɗaya. Mafi yawan motocin fetur in sun ɗau zafi suna zama tsakanin 600 zuwa 900, ita wagga Honda wajen 700 take so. Da safe in ka tada mota ta hau 1,200 ko 1,500 ba ciwo ba ne, haka anka yi ta, tana neman ɗumi ne, musamman lokacin hunturu, kuma cikin 'yan mintuna ya kamata ka ga allura na sauka a hankali. In ka kunna esi ta ɗan ƙara sama kaɗan shi ma daidai ne don kamfuresa na jan inji. Matsala ita ce ka taso daga Arkilla har ka kai Mabera, inji ya yi zafi sosai, ka tsaya ka kashe esi da fitilu amma tana nan sama da 1,000 daram.

Abu ɗaya nike so ka riƙe kafin ka taɓa komi: injin fetur bai iya yin gudu sai da iska. Mai kaɗai bai ɗaga silo, in mai ya yi yawa ba iska sai dai ta yi baƙin hayaƙi ta riƙa shaƙewa. To kusan duk sanda silo ya hau, iska ce ke shiga fiye da ƙima, kuma hanyarta uku ce. Ko dai ƙofar totur, farantin da ke buɗe ma iska hanya in ka taka, ba ta rufe duka ba, ko kuma birenbos ne, wato kwamfutar motar, da kanshi ya buɗe mata ƙaramar hanya don wata sensa ta faɗa mishi abin da ba haka ba, ko kuma iskar ta sata hanya ta wani hos da ya tsage ko gasket, shimfiɗar da ke toshe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, da ya mutu. Juya sukuru bai toshe ko ɗaya cikin ukun nan, rufe ciwon kawai yake, kuma ran da ka gyara ainihin abin sai mota ta fara mutuwa a silo don an riga an ɓata saitin.

Kafin ka buɗe bonet tsaya ka lura da halin motar, don halin shi ke nuna maka inda za ka fara. Silon tsaye yake wuri ɗaya a sama, ko hawa da sauka yake yi awa mai numfashi? Kullum ne ko wata rana ta yi daidai? In ka taka totur ka saki, tana daɗewa kafin ta sauko? Sannan babbar tambaya, mi anka yi ma motar kafin abin ya fara? An wanke inji, an canza batir, an taɓa lagireto, an sauke tof silinda, an wanke totur? Sau da yawa amsar na nan cikin aikin ƙarshe da anka yi mata, wani ɗan hos ne yaron shago ya manta bai mayar ba.

Ka aje motar a fili inda iska ke kaɗawa, ja hanbirki, otomatik ka sa ta a P, mai kuloci ka sa firi. Don Allah in da babbar riga ko malum-malum kake ka cire, hannun riga da fanbel ba su shiri, kuma fankar lantarki tana iya tashi da kanta ba sallama.

Matakin farko ba ya cin ko kwabo. Leƙa ƙarƙashin ƙafarka ka ga ko kafet ya tattare ya danne totur, irin kafet ɗin roba mai kauri da muke ɗorawa saboda ƙura yana yin haka. Daga nan ka je wajen inji, mota a kashe, ka bi kebur ɗin totur har inda ya naɗe jikin wani ɗan faifai a gefen maƙogwaron totur, wato inda iska ke bi ta shiga inji. Danna kebur ɗin da yatsa, ya kamata ya zama da ɗan wasa, a tsofaffin Honda wajen milimita 10 zuwa 12 littafinsu ya ce. In ka ji shi a ɗame kamar tsirkiya to shi ke riƙe da ƙofar, sassauta goro biyun nan da ke riƙe shi ka ba shi sarari. In motar na da kebur na biyu shi ma duba shi. Sannan ka murɗa faifan da hannu ka saki, ya kamata ya koma da ƙarfi ka ji ƙas. In yana komawa da kasala, ko sifirin ya gaji, ko kebur ya tsattsage cikin rigarshi, ko datti ya cika. Gwaji mai sauƙi, tada mota, ka danna faifan baya da yatsa wajen rufewa, in silo ya faɗi nan take ka gama bincike, ƙofa ce ba ta rufewa.

Mataki na biyu, kwance babban hos ɗin da ya taso daga tukunyar filtar iska, ka haska tocilan cikin maƙogwaron. Za ka ga faranti zagayayye na ƙarfe, shi ne ƙofar. A ƙasar nan tamu da ƙurar hunturu ke haɗuwa da tururin baƙin mai, gefen farantin yakan yi baƙar dauɗa mai danƙo. Wani lokaci dauɗar na toshe iska silo ya yi ƙasa, wani lokaci kuma ta tokare farantin ya ƙi zama. Fesa maganin wanke kafireto jikin tsumma mai tsabta, buɗe farantin da hannu ka goge gaba da baya da bangon, kar ka kankare da sukudireba ko samfefa, in ka cinye bangon iska za ta riƙa wucewa har abada. Akwai wani ɗan sukuru da faifan ke zama a kanshi in ya rufe, galibi da ɗigon fenti a kai daga kamfani. In ka ga fentin ya fashe ka san wani ya riga ka, kuma mai yiwuwa shi ya buɗe ƙofar da hannunshi tun lokacin da motar ke mutuwa a silo.

In motarka ba ta da kebur sam, wato totur ɗinta na lantarki ne irin na Camry daga 2002, kar ka riƙa tura farantin da ƙarfi, kuma ka sani bayan wanki irin waɗannan sukan ɗaga silo har sai birenbos ya sake koyon inda ƙofa take, zan zo kan wannan.

Yanzu ga gwajin da na fi so, shi ke raba gardama. Tun da hos ɗin na kwance, duba bangon maƙogwaron gaban farantin, za ka ga rami ɗaya ko biyu. Ta nan iskar silo ke zagayewa ta bayan ƙofa, kuma wani bawul ne ke tsaron hanyar, bawul ɗin silo, wanda 'yan sifeya ke kira IAC. Bari mota ta yi zafi sosai, tana kunne, ka toshe ramin da ɗan yatsa. In inji ya faɗi ƙasa sosai ko ya mutu, iskar ta hanyar bawul take bi, saura ka gano bawul ɗin ne ya maƙale ko umurni ake ba shi. In ka toshe ramukan duka amma tana nan tana gudunta, to iska na shiga ta wani wuri daban, ɓarauniyar hanya ce. Amma ka lura, gwajin ga yana yiwuwa ne a motocin da ke auna iska da 'yar sensa jikin manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa silinda, irin tsofaffin Honda da Corolla da Carina E da Camry fensir mai silinda huɗu. Mota mai eyafulo mita, wato na'urar auna iska da ke kan hos ɗin, da ka cire hos za ta mutu ko ta rikice. A irinsu in bawul ɗin a waje yake da nashi hos, matse hos ɗin da filaya a hankali, sakamakon ɗaya ne.

Bari in fara da ɓangaren zafi, don a Sakkwato nan ne na fi samun abin. Kowa ya san zafin Maris zuwa Mayu, sama da digiri 40 a inuwa, kuma al'ada ta zama da mota ta shigo daga Kwatano abu na farko shi ne a cire tamostat a jefar, a yi ma fanka dairek tana juyawa tun daga kunna makulli, wai motar ƙasar sanyi ce. Ni dai ban yarda da wanga aiki ba ko kaɗan. Tamostat ƙofa ce da ke riƙe ruwa cikin inji har ya kai wajen digiri 80 kafin ta sake shi zuwa lagireto. In ka cire ta, ruwa na zagayawa tun daga farko, fanka na hura shi, inji sai ya daɗe bai kai zafin aikinshi ba, da asuba lokacin hunturu ko kan doguwar hanya irin ta Illela ko Tambuwal yana iya ƙin kaiwa sam. Shi kuma birenbos abin da ya sani shi ne inji mai sanyi a ɗaga mishi silo a ƙara mishi mai. To haka zai ta yi, bai yi laifi ba, aikinshi yake. Dubi allurar zafi bayan tafiyar minti goma sha biyar, in tana kwance can ƙasa ba ta kai kusa da tsakiya ba, tambayi bakanikenka ko akwai tamostat a ciki. Wata alama, ka tada mota da safe ka riƙe hos ɗin sama na lagireto, mai tamostat lafiyayye hos ɗin zai zauna da sanyi na ɗan lokaci sannan ya yi zafi kusan lokaci ɗaya, marar shi kuma a hankali zai ta ɗumi tun daga farko. Motar da ke obahitin da tamostat a ciki wani ciwon gare ta, ko lagireto ya toshe, ko murfinshi ya mutu, ko wotafamfo, ko fanka, shi za a nema.

In tamostat na nan kuma inji na zafi daidai, sai sensar zafin ruwa. A nan mutane ke ruɗewa, don tsofaffin motoci da yawa sensa biyu gare su, mai waya ɗaya ita ke motsa allurar dashbod, mai waya biyu ita ke magana da birenbos. Ke nan allura na iya nuna maka komi lafiya alhali shi birenbos ana gaya mishi ana tsananin sanyi. Rewaya mai mita zai iya auna ta cikin minti biyar. Irin sensar da ke yawancin Toyota da Honda da motocin Jamus na wancan zamani, a digiri 20 tana ba da om 2,000 zuwa 3,000, in inji ya kai digiri 80 sai ta sauko wajen om 300. In inji na ƙuna amma tana nuna dubbai, ta mutu. Kar ka manta da soket ɗin, in ya yi tsatsa kore ko waya ta tsinke cikin roba, birenbos zai ga kamar sanyi ya kai 40 ƙasa da sifili. Masu Golf, a da yawa daga cikinsu ita ce sensar nan mai shuɗin kai a jikin bututun ruwa gefen tof.

Masu tsohuwar Honda ku matso. Da yawa cikin na shekarun 1990 suna da wani bawul na biyu bayan na lantarkin, shi ba ruwanshi da waya, ruwan lagireto ke ratsa shi, akwai wani kaki a ciki da ke kumbura in ruwa ya yi zafi ya rufe hanyar iska. Shi ke ɗaga silo da safe. A cikin ramuka biyu na maƙogwaro, na ƙasa nashi ne. Inji da zafi bai kamata ka ji yana zuƙar yatsanka ba, in yana zuƙa to bai rufe ba. Dalili ko dai wani farin zoben roba mai zare da ke cikinshi ya warware, a buɗe murfin a mayar da shi, ko kuma ruwan zafi bai isa gare shi. Shi ya sa kafin ka zargi bawul ka duba ruwa. In ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga layin, ko ƙananan hos ɗin ruwa biyu da ke zuwa wajen sun toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da muke zubawa, ko wani ya cire su ya haɗe, bawul ɗin ba zai taɓa jin zafi ba. Wannan hawa da saukar da Honda ke yi, vuum ta sauka vuum ta sauka, ga abin da ke faruwa: iska ta yi yawa juyi ya hau, birenbos ya ga ƙafarka ba ta kan totur sai ya yanke mai, juyi ya faɗi, ya sake sakin mai, ya sake hawa. Maganin sau da yawa a cika ruwa a fitar da iska ne kawai. Inji da sanyi za ka buɗe murfin lagireto, kar ka kuskura ka buɗe da zafi, na ga wanda ruwan ya saɓule ma fatar hannu. Cika shi, sa hita a kan zafi, tada mota murfi a buɗe, bari ta yi ta fitar da kumfa har fanka ta tashi, kana ƙarawa, in akwai ɗan nonon fitar da iska kusa da gidan tamostat a sassauta shi har ruwa ya fito ba kumfa.

In zafi daidai, sensa daidai, sai shi bawul ɗin silo kanshi. Kwance shi, a Camry fensir yana ƙasan maƙogwaro da ƙananan hos na ruwa, sukurorinshi na da taurin kai, a sa sukudireba da ya zauna daidai kar a cinye kan. Za ka tarar da baƙin gawayi ya cika, abin da ya kamata ya juya ko ya shiga ya fita ya daskare. Wanke ɓangaren iskar da maganin kafireto har ya riƙa motsi sakayau, kar ka jiƙa ɓangaren lantarkin, bari ya bushe, kuma in gasket ko zoben robar ya taurare a canza, in ba haka ba ka gyara ƙofa ka buɗe taga. In za ka saya, ni na fi natsuwa da na Beljiyam mai kyau a kan sabo marar suna, kuma ka tafi da tsohon ka gwada lamba da soket.

To in gwajin yatsa ya nuna ɓarauniyar hanya fa? Nan sai haƙuri. Zafin garin ga yana dafa roba, hos ɗin da ya shekara ashirin in ka lanƙwasa shi sai ka ji ya ƙage kamar busasshen kara, kuma tsagar ta fi son ɓoyewa a ƙasa ko daidai bakin da ya shiga ƙarfe. Fara da kunne, ɗauki guntun tiyo, baki ɗaya a kunnenka ɗayan kana yawo da shi gefen manifol, za ka ji tsss inda take shiga. Sannan ka bi duk wani hos da ya fito daga manifol ɗaya bayan ɗaya ka matse da filaya, wanda ka matse silo ya faɗi shi ne, ko shi ko abin da ke ƙarshenshi.

Biyu sun fi kawo matsala. Na farko babban hos ɗin da ke zuwa tukunyar birki, baƙar gangar nan da ke bayan mastan birki. In robar cikinta ta fashe iska za ta riƙa kwarara cikin inji. Alamarta birki ya yi tauri, kana jin huci wajen ƙafarka in ka taka, silo na canzawa da taka birki. Gwada haka: mota a kashe taka birki sau biyar har ya yi tauri, riƙe shi, tada mota, ya kamata feda ta ɗan nutse ƙasa. In ba ta nutse ba akwai magana, kuma wannan ba abin jinkiri ba ne tunda birki ne. Na biyu ɗan bawul ɗin numfashin inji da ke kan murfin tof. Zare shi ka girgiza, mai lafiya yana ƙara kacau-kacau, wanda ya maƙale a buɗe kuwa hanya ce sakaka.

Sai gasket ɗin manifol, da na ƙasan maƙogwaro, da zoben robar nozul. Kanikawa kan fesa maganin kafireto wajen su saurari canjin murya, yana aiki, amma abin na kama wuta, kuma ga salansa da zafi ga wayar filogi mai yoyon wuta. Wasu har fetur suke ɗigawa, wannan kam don Allah a bari. Ruwa a gorar fesawa ya isa, in ya shiga tsagar za ka ji inji ya ɗan yi tuntuɓe. In kana da Golf 3 mai 1.8 ɗin nan mai nozul ɗaya a sama kamar kafireto, ko Golf 2 mai kafireto, duba kaurin robar da tukunyar nozul ɗin ko kafireton ke zaune a kai, riƙe tukunyar ka ɗan girgiza mota na kunne, in murya ta canza robar ta tsage, sanannen ciwonsu ne. Wajen da ke da injin hayaƙi ya fi duka sauƙi, a hura hayaƙi cikin manifol mota a kashe ka ga inda yake fita da idonka.

Sensar totur ita ce ke gefen maƙogwaro daidai sandar farantin, ita ke gaya ma birenbos ƙafarka ta sauka. A yawancinsu ƙofa a rufe wajen rabin bolt na wuta take bayarwa, a buɗe duka wajen 4.5, kuma ya kamata lambar ta hau sumul ba tsalle. In an taɓa kwance ta ba a saita ba, birenbos zai ɗauka har yanzu kana tafiya, ba zai shiga tsarin silo ba.

Duk wannan in motar na da soket ɗin sikanin mai rami 16 ƙarƙashin sitiyari, aikin ya ragu da rabi. Motocin Amurka daga 1996 suna da shi, na fetur na Turai kuma daga 2001 ya zama dole. Amma kar ka yarda a karanta lamba a goge a ce an gama. P0507 ma'anarta silo ya fi ƙima, abin da ka riga ka sani ke nan, ba ta ce ga dalili ba. P0505 na nuni ga tsarin bawul ɗin silo, P0115 zuwa P0118 sensar zafin ruwa, P0120 zuwa P0123 sensar totur, P0128 inji bai kai zafi, P0171 iska ta fi mai yawa. Ka ce a nuna maka abin da birenbos ke gani kai tsaye: zafin ruwa nawa, ya kamata 80 zuwa 95 in ta yi zafi, kuma da safe kafin a tada ta zafin ruwa da na iska su yi kusa da juna. Sannan a duba yawan man da yake ƙarawa, in ya wuce kashi 10 cikin ɗari a silo amma ya koma daidai in an riƙe ta 2,500, wannan hannun ɓarauniyar iska ne, musamman a mota mai eyafulo.

Akwai ƙananan abubuwa da ke sa birenbos ɗaga silo da gangan, esi da ya maƙale a kunne, suwic ɗin fawa sitiyari da ya lalace, ko caji da ya yi ƙasa, batir mota na kunne ya kamata ya nuna bolt 13.5 zuwa 14.5. Mota mai dilko kuma, wato abin da ke rarraba wuta zuwa filogi, in an murɗa shi gaba da kunne don ta yi ƙarfi, silo na hawa, kuma za ka ji tana ƙarar ƙwanƙwasa in ka taka a hawa. A saita tayimin da fitila.

Masu Fijo 504 da 505 da sauran masu kafireto, naku ba birenbos amma maganar iska ɗaya ce. Cire tukunyar filta inji da zafi ka leƙa, farantin cok na sama, wanda ke tare iska in inji na da sanyi, ya kamata ya miƙe tsaye a buɗe. In cok na hannu ne duba ko wayar na komawa duka, in mai aiki da kanshi ne duba ko ruwan zafi ko wutar na isa gare shi, don muddin cok bai saki ba akwai wani ɗan tsani da ke tokare totur. Kafireto mai maƙogwaro biyu wani lokaci farantin na biyun ne bai zama. Kama sandar totur ka girgiza, in tana wasa ramin ya cinye, iska na bi ta nan, kuma irin wannan silo bai taɓa tsayawa wuri ɗaya, yau daidai gobe sama. Duba gasket ɗin gindi da hos ɗin da ke zuwa dilko. Motar da ka kashe makulli ta ci gaba da karkarwa kafin ta mutu, sau da yawa silon ne ya yi yawa. Sai duk waɗannan sun tabbata lafiya sannan a zo kan sukurori biyun, na gudu da na haɗin mai, inji da zafi, kaɗan-kaɗan, kana ƙirga juyin da ka yi don ka iya komawa.

Bayan gyara a mota mai birenbos, ba ta dama ta sake koyo. A Honda yadda aka saba, a cire kan batir na ɗan lokaci a mayar, a tada ta ba esi ba fitila ba rediyo, a bari ta yi zafi har fanka ta tashi, sannan a ƙyale ta tana silo wajen minti goma ba a taɓa totur ba. Ka tabbata kana da lambar rediyonka kafin ka cire batir. Nissan masu totur na lantarki suna da nasu tsarin na musamman, gara a yi da na'ura.

Ita Buldog ɗin da na fara da ita, kebur lafiya, faranti na rufewa, da na toshe ramin ƙasa sai na ji yana zuƙa da ƙarfi. Munka duba, ba tamostat, fanka dairek, ɗaya daga ƙananan hos ɗin ruwa kuma ya toshe da laka ja. Munka sa tamostat, rewaya ya mayar da fanka kan suwic ɗinta, munka buɗe hos ɗin munka fitar da iska, silo ya sauko amma sai ta fara neman mutuwa, don sukurun iskar da anka yi ta ɗaurewa a gareji ya kusa rufewa ruf. Sai da munka warware shi a hankali, inji da zafi, har allura ta zauna kan 700, munka kunna esi ta ɗan ɗaga ta riƙe, ya ja ta zuwa Kwannawa ya dawo munka sake dubawa tana nan inda munka bar ta.